Ƙaramin racet na shiga lungu: abin da ya kamata ka sani kafin ka saya

Wanda ya ƙera mota ko janareto ya ɗaura sukurorinsa ne tun injin yana warwatse a kan tebur, kafin a ɗora sauran kaya a kai. Kai kuwa sai an gama rufe komai kake zuwa ka same su: ɗaya a ƙarƙashin dashbod, ɗaya a bayan kabireta, wani tsakanin firij da bango, wani a cikin akwatin inbata da aka riga aka kafe. Kana ganin kan sukurun da tocila, yatsanka ma yana taɓa shi, amma sukurudireba ba ta da wurin tsayawa a miƙe. Daga nan sai dabara: a karkata ta, a danna, ta zame, kan sukurun ya cinye. Aikin minti biyar ya koma na yini guda.

Saboda irin wannan wuri aka yi ƙaramin racet mai cin bakin sukurudireba. Suna da yawa a kasuwa, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. A hannu ne bambancin yake fitowa.

Mene ne shi?

Racet sifana ce mai kai da ke kamawa ta gefe ɗaya kawai. Ka tura mariƙin gaba, ya murɗa noti. Ka dawo da shi baya, ya wuce yana ƙas-ƙas ba tare da ya motsa notin ba. Don haka ba sai ka riƙa cirewa kana sake sakawa ba. Dabarar ta daɗe, domin tun a 1863 wani Ba'amurke mai suna J. J. Richardson ya yi rajistar racet da ake canza wa soket. Wanda ka saba gani a gareji jikan wancan ne, mai ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a ka inda ake cusa soket.

Namu na yau ya bambanta ta wuri ɗaya. A maimakon ƙarfe mai kusurwa huɗu, rami gare shi mai kusurwa shida. Abin da ake sakawa a ramin shi ne bit, wato ɗan guntun bakin sukurudireba marar mariƙi, irin wanda ake sa wa injin diril. Faɗin ramin rubu'in inci ne, milimita 6.35. Ma'auni ne da masana'antu suka yi ittifaƙi a kansa, shi ya sa bakin da aka ƙera a Jamus yake shiga racet ɗin da aka ƙera a Taiwan. Tsawon abin gaba ɗaya bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba, galibi santimita 9 zuwa 11.

Sukurudireba tana neman fili a saman sukuru, daidai tsawonta da na hannun mai riƙe ta. Racet fili kaɗan yake nema a sama, sauran motsinsa a gefe yake yi.

Yaya yake aiki?

A cikin kan akwai ɗan gargaren ƙarfe mai haƙora a kewayensa, ramin bakin kuma a tsakiyarsa yake. Kusa da shi akwai wani ɗan harshen ƙarfe da sifirin ke tura shi cikin haƙoran. Idan ka tura mariƙi, harshen ya tokare haƙori, gargaren ya juya tare da hannunka. Idan ka dawo baya, harshen ya riƙa tsallake haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙarar da kake ji ke nan. In ka taɓa juya fedar keke baya ka ji tana tafiya a banza tana ƙara, to ka riga ka san aikin. Ɗan makunnin da ke jikin kan yana karkata harshen ne zuwa ɗaya gefen, sai ɗaurewa ta koma kwancewa.

Wa yake buƙatarsa?

Makanikin mota shi ne na farko, musamman mai aikin waya da mai esi, waɗanda rabin rayuwarsu a kwance take ƙarƙashin sitiyari. Sai mai gyaran babur da A daidaita sahu, da mai janareto, da mai firij, da mai haɗa sola. Kafinta yana buƙatarsa in zai ɗaure hinji ko layin durowa a cikin kabad da aka riga aka haɗa. Tela ma yana ciki, ko da bai sani ba: sukurorin da ke riƙe farantin allura a keken ɗinki suna ƙarƙashin kan keken ne, inda doguwar sukurudireba ba ta tsayawa sai a karkace, kuma shi ya sa za ka ga kawunansu a cinye a shaguna da yawa.

Mai gyaran wayar salula kuwa ba nasa ba ne. Bakunansa na milimita 4 ne, ba sa zama a wannan rami, kuma sukurorinsa ba sa son ƙarfin mariƙi. Haka mai kwance notin taya ko na kan inji, ya nemi babbar sifana.

Me za ka fara dubawa?

Ba racet ɗin ba, wurin da zai shiga. Yawancin masu saye suna farawa ne da abin da aka rubuta a kwali, alhali abin da zai yanke hukunci shi ne tazarar da ke tsakanin kan sukuru da abin da ya tare shi daga sama. Auna ta ba wuya. Ka sami tsinken tsintsiya, ka riƙa rage shi har ya tsaya daidai tsakanin kan sukurun da rufin, sannan ka ɗora shi a kan rula. Wannan lamba ita za ka tafi da ita kasuwa.

Yanzu ka kwatanta ta da tsayin racet tare da bakinsa a ciki, ba tsayin kan shi kaɗai ba. Masu sayarwa suna son faɗin kaurin kai, su ce siriri ne, amma bakin da aka saba da shi tsawonsa milimita 25 ne, kuma komai sirantar kai ba za ta rage wannan ba. A nan racet ya kasu biyu. Akwai mai rufaffen baya, wanda bakin ke shiga ya tokare da ƙarfe, sai kaurin wannan ƙarfe da na makunni su hau kan milimita 25 ɗin. Akwai kuma mai rami zarce, wanda ƙarshen bakin ke zuwa daidai da bayan kan, sai tsayin duka ya zama kusan tsawon bakin kawai. In lungunka ya matse sosai, na biyun za ka nema, ka haɗa shi da gajerun bakuna, domin ana yin waɗanda ba su kai milimita 20 ba.

Akwai abin da kusan kowa yake mantawa har sai ya faɗa masa: sukuru yana tasowa in ana kwance shi. Ɗauki misali. Tazararka milimita 30 ce, racet da bakinsa 25, ya shiga lafiya, har kana murna. Amma sukurun tsawonsa milimita 12 ne. Kafin ya fita rabi, bayan racet ya riga ya tokari rufi. Yanzu ba ya gaba, ba ya fita, kuma in makunninsa a baya yake, to ya manne da rufin, ba ka da halin juya shi ka mayar da sukurun ciki ka sami sarari. Mutum ya kan ƙare da kwance abin da tun farko yake gudun kwancewa. Maganin shi ne ka lissafa tsawon sukurun tun farko. In lissafin bai kai ba, ka sassauta shi da racet zagaye biyu ko uku, ka zare racet ɗin tun da sauran wuri, ka ƙarasa da bakin kaɗai tsakanin yatsu biyu.

Ka bar wa yatsanka wuri shi ma. Sukuru mai kan sita yana tura baki waje in ana murɗa shi, don haka dole a danna bayan racet da babban yatsa yayin da ɗaya hannun ke juya mariƙi. In babu inda yatsa zai shiga, siririn ƙarfe mai faɗi da aka cusa tsakanin racet da rufi yana iya yin dannawar.

Faɗin kan ma abin dubawa ne. Sukurun da ke manne da kusurwa ba ya karɓar kai mai faɗi, ko da sama a buɗe take.

Shin yawan haƙora shi ne inganci?

Wannan ita ce lambar da aka fi bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, don haka ya kamata ka san abin da take nufi. Zagaye guda digiri 360 ne. Ka raba shi da yawan haƙora, sai ka sami iyakar karkatar da mariƙi zai yi kafin harshe ya kama haƙori na gaba. Mai haƙora 36 yana buƙatar digiri 10. Mai 48 yana buƙatar 7.5, mai 60 yana buƙatar 6, mai 72 yana buƙatar 5, mai 90 kuma 4.

To amma kai ba digiri kake gani a cikin inji ba, sarari kake gani. Mu mayar da shi milimita. In mariƙi santimita 9 ne, ƙarshensa zai yi tafiyar kusan milimita 9 a racet mai haƙora 60, kusan milimita 8 a mai 72, kusan 16 a mai 36. Ka ga tsakanin 60 da 72 bambancin kusan milimita ɗaya da rabi ne kawai. Ba abin da za ka ƙara kuɗi mai yawa saboda shi ba ne. Tsakanin 36 da 60 kuwa akwai bambanci na gaske, wanda za ka ji shi in tiyo ya tare ka ta dama, waya ta tare ka ta hagu.

Tsawon mariƙi yana iya rushe lissafin gaba ɗaya. Racet mai haƙora 72 da mariƙin santimita 15 yana buƙatar kusan milimita 13 a ƙarshensa, wato ya fi gajere mai haƙora 60 neman wuri. Sannan akwai wasa, wato ɗan lilon da baki ke yi a cikin rami da wanda yake yi a kan sukuru. In ramin ya yi wa baki yawa, sai ka karkata mariƙi digiri da dama kafin komai ya motsa, kuma wannan asarar ba a rubuta ta a kwali. Racet mai haƙora 60 da rami matsattse ya fi mai 90 da baki ke rawa a cikinsa. A ganina, daga 60 zuwa sama ka daina ƙirga haƙora, ka koma duba sauran abubuwa.

Me ya sa wani racet yake dawo da sukuru baya?

Wannan shi ne aibin da ya fi ɓata rai, kuma ba a cika faɗinsa ba. Kafin harshe ya tsallake haƙori sai ya danne sifirin, kuma hakan yana buƙatar ɗan ƙarfi. Mu kira shi taurin komawa. Muddin sukuru yana da tauri, ba za ka lura ba. Da zarar ya saki, ya zama juya shi ya fi danne sifirin sauƙi, sai ka ga kana kai mariƙi kana dawo da shi, sukurun yana bin ka gaba da baya, babu ƙara, babu ci gaba. A fili sai ka sa yatsa ka ƙarasa. A lungu kuwa yatsan ne ba ya shiga.

Abu biyu ke magance shi. Na farko sifirin mai laushi da aikin ciki mai santsi, kuma a nan ne racet mai tsada ya kan nuna inda kuɗin ya tafi. Na biyu ɗan faifai mai kaushi da ake sawa a kan, wanda kake murzawa da yatsa ya juya bakin kai tsaye ba tare da mariƙi ya motsa ba, ko ka dafe shi ya hana sukurun komawa. In za ka zaɓa tsakanin ƙarin haƙora da wannan faifai, ɗauki faifan. Sai dai ka tuna yana ƙara wa kan ɗan tsayi ko faɗi, don haka ka koma ga tsinkenka na tsintsiya.

Ƙarfi nawa yake ɗauka?

Ana auna ƙarfin murɗawa da niyuton-mita, a rubuce Nm. Fassararsa a sauƙaƙe: nauyin da ka ɗora, a ninka da tsawon mariƙi. In ka danna da nauyin kilo 10 a ƙarshen mariƙin santimita 9, ka ba da kusan Nm 9. Boltin da sifana lamba 8 ke kamawa yana neman wajen Nm 6, na lamba 10 wajen Nm 10, na lamba 12 ko 13 wajen Nm 25. Notin tayar mota kuwa yana kai wa 100 ko fiye.

Kamfanin Wera na Jamus ya ce ƙaramin racet ɗinsa yana jure Nm 65. Lamba ce mai burgewa, amma da mariƙin da bai kai santimita 9 ba sai ka ɗora kusan kilo 75, nauyin babban mutum, kafin ka kai can. Tun kafin nan ƙaramin baki ya karye ko kan sukurun ya cinye. Abin da lambar ke gaya maka shi ne hannunka ba zai karya shi ba, shi ke nan. Wanda zai karya shi shi ne mai zura masa bututu don ƙara tsawo, ko mai dukansa da guduma.

Haɗarin da ya fi kusa ma na ɗaurewa ne. Racet ya fi sukurudireba ba hannu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma sukurun da ke shiga roba ko alminiyam ba ya jure wannan. In kana ɗaure murfin kabireta ko robar dashbod, ka riƙe racet ɗin kusa da kai da yatsu biyu, kada ka kama ƙarshen mariƙi, in ba haka ba tiredin ya tafi.

Yaya yake riƙe baki, yaya ake juya shi?

Wasu maganaɗisu ke riƙe musu baki, wasu zoben waya ko ɗan sifirin. Maganaɗisu yana da sauƙin sakawa da cirewa, wani lokaci har yana taimakawa wajen ɗauko sukurun ƙarfe, amma yana tara garin ƙarfe a rami, kuma in baki ya maƙale a kan sukuru sai racet ya fito ya bar shi, daga nan ya faɗa cikin inji. Zoben waya ya fi riƙo, sai dai cire baki da hannu mai maiƙo aiki ne, in ba mai rami zarce ba ne da za ka tura shi ta baya.

Wajen juyawa, mafi yawa makunni gare su. Ka duba kada ya zama mai saurin gocewa, domin a lungu yana gogar abubuwa ya juya da kansa. Wasu kuma ba su da makunni sam: gefe ɗaya ɗaurewa, ka kifa shi ya zama kwancewa. Waɗannan su ne suka fi siranta, kuma abin lalacewa ya yi musu kaɗan. Akwai masu kai mai lanƙwasa, da ke ba ka damar kauce wa abin da ya tare mariƙi, amma gaɓar tana ƙara kauri, kuma in ba mai kullewa ba ce tana naɗewa daidai lokacin da ka sa ƙarfi.

Bakunan fa, duk ɗaya ne?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Racet mai kyau da baki marar kyau sukuru zai cinye maka, kawai dai zai yi shi da sauri.

Abin da muke kira sita ba iri ɗaya ba ne. Akwai Phillips, mai alamar PH, wanda ya bazu daga masana'antar motocin Amurka a shekarun 1930. Akwai Pozidriv, mai alamar PZ, wanda za ka gane shi da wasu siraran layuka huɗu tsakanin hannuwan gicciyen. Shi ya fi yawa a hinjin kabad da sukurorin katako na Turai. Akwai kuma na Japan, da ake kira JIS, wanda sau da yawa yake da ɗan ɗigo guda a gefen kansa. Shi ne a jikin baburan Honda da Yamaha da Suzuki, musamman tsofaffi, da kabiretocinsu. A ido kamar Phillips yake, amma bakin PH na gama-gari ba ya zama daram a cikinsa, yana hawowa ya zame. Da yawa daga sukurorin babur da ake zargi da taushi ba su da laifi, bakin ne ba nasu ba. Bakunan kamfanin Vessel na birnin Osaka sun yi suna wajen zama daidai a irin waɗannan.

Sai Torx, mai tauraro mai tsini shida, da aka ƙirƙiro a 1967, wanda ya cika motocin Turai, ana rubuta lambarsa da T, kamar T20 da T25 da T30. Sai na alanki, wanda ke zuwa a milimita ko a inci, kuma kusancinsu yana yaudara. Waɗannan biyun sun fi daɗin aiki da racet domin ba sa tura baki waje.

Ka nemi bakunan da aka buga wa S2, wani nau'in ƙarfe ne mai tauri da ake yin bakuna da shi, ko da yake rubutu kaɗai ba shaida ba ne a kasuwar da jabu ya yi yawa. Kada yawan bakuna a akwati ya ruɗe ka. PH2 shi kaɗai zai yi maka fiye da rabin aikin sita. Gara bakuna goma nagari da ɗari na ado.

Akwai kuma ɗan adafta mai mayar da ramin zuwa kusurwa huɗu, don ka sa ƙananan soket kamar lamba 7 da 8 da 10, waɗanda ke kama kilif ɗin tiyo da ƙananan boltoci. Yana da amfani ƙwarai, amma yana ƙara tsayi sosai. In yawancin aikinka soket ne, ƙaramin racet na soket ya fi maka.

Waɗanne ne aka fi sani, kuma ina bambancinsu?

Zyklop Mini na Wera, kamfanin da ke birnin Wuppertal, shi ne wanda aka fi kwatanta saura da shi: ƙarfe zalla, tsawon milimita 87, haƙora 60, makunni, da faifan yatsa. Yana zuwa shi kaɗai ko a cikin ƙaramin akwati mai suna Tool-Check Plus tare da bakuna da soket. Ga mai aiki iri-iri, zaɓi ne da ba a cika nadama a kansa ba. Gajartarsa ita ce amfaninsa, ita ce kuma iyakarsa in sukuru ya yi tsatsa.

Chapman, wani ƙaramin kamfani a jihar Konetikat ta Amurka da ke aiki tun 1936, yana yin nasa a tsohon salo: siriri, marar makunni, ana kifa shi. Haƙoransa 20 ne kacal, wato digiri 18, kusan santimita 3 a ƙarshen mariƙi. Inda sama ta matse amma gefe a buɗe yake, yana aiki sosai. Inda gefe ne ya matse, ba ya kai labari. An kuma yi shi ne don bakunan kamfanin, abin lura ga wanda yake nesa da inda ake sayar da su.

Klein Tools, masu kayan aikin lantarki a Amurka, suna da siriri mai haƙora 72 da zobe a ƙarshen mariƙi inda ake zura yatsa. Kamfanonin Japan irin su Anex na garin Sanjo sun ƙware a masu matuƙar siranta da ke zuwa da gajerun bakunansu, kuma in tazararka ta gaza milimita 25, can za ka duba. Topeak na Taiwan yana yin Ratchet Rocket don masu keke, mai sauƙin ɗauka a aljihu, ba don aikin gareji na kullum ba. Taiwan ɗin ma, musamman yankin Taichung, cibiya ce ta ƙera irin waɗannan kaya, har da waɗanda ake buga wa sunayen kamfanonin Turai da Amurka. Saboda haka in ka ga biyu masu suna daban sun yi kama kamar tagwaye, ba lallai ɗaya jabu ba ne.

Nawa ne kuɗinsa?

A kasuwannin Turai da Amurka, marasa suna suna da araha sosai. Na Wera shi kaɗai ya fi su tsada nesa ba kusa ba, cikakken akwati kuma ya kan ninka kuɗinsa sau biyu ko uku. Kafin ya iso Kano ko Yamai, kuɗin jigila da canji sun hau kai. Masu araha daga Sin su suka fi yawa a shagunanmu, kuma ba duka ne na banza ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma wanda zai taɓa abin sau uku a shekara ba shi da dalilin sayen na Jamus. Wanda kuwa da shi yake ci, ya lissafa kuɗin sukuru ɗaya da ya cinye a motar mai haya, da yinin da zai ɓata wajen fitar da shi.

Kafin ma ka kashe ko sisi, akwai hanyar gwaji. Ƙaramar sifana mai rubu'in inci tana kama bit daidai, kuma da wuya a sami racet da ya fi wannan haɗin gajarta. Lamba 6 ba ta shiga, lamba 7 tana yin yawa. Aikin yana da jinkiri domin sai ka riƙa cirewa kana sakawa, amma in sau ɗaya ne kawai, ya wadatar.

Yaya za ka gwada shi a gaban mai shago?

Ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ka tafi da bakinka na PH2 da ka yarda da shi, da tsinken awonka. Ka saka bakin ka girgiza shi, ka ji ko yana rawa. Ka kifa racet ɗin ka kaɗa, ka ga ko bakin zai faɗo. Ka riƙe bakin sako-sako tsakanin yatsu biyu ka dawo da mariƙi baya: in ya yi ƙara ba tare da ya murɗe maka yatsu ba, taurin komawarsa kaɗan ne. Ka yi haka ta gefe biyun, domin wasu suna da laushi a ɗaurewa, tauri a kwancewa. Ka juya shi zagaye guda a hankali kana saurare, ƙarar ta zama iri ɗaya, ba wurin da ya yi tsalle ko ya cije. In na hannu ne, ka matse bakin a bais ko filaya ka danna da ƙarfi, domin haƙoran da suka cinye ba sa nuna kansu sai an ɗora musu nauyi.

Me zai kiyaye shi, me zai kiyaye ka?

Ƙurar hunturu da giris mai kauri su ne abokan gabarsa. Giris yana manne ɗan harshen, sai ya ƙi komawa cikin haƙori, racet ya riƙa zamewa. Ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki ya isa. In ya yi datti, ka wanke kan da kananzir, ka bar shi ya bushe, ka sake ɗiga mai. Sukurun da ya yi tsatsa kuwa ka jiƙa shi da man sassauta tsatsa tukuna, ka share ramin kansa da allura don baki ya zauna har ƙasa.

Ka tuna kuma yawancinsu ƙarfe ne tsirara tun daga kai har ƙarshe, kuma lungun da suke shiga sau da yawa kusa da wuta yake. In za ka yi aiki a ƙarƙashin dashbod ko kusa da sitata, ka fara cire kan batir na nagetif. A wurin batiran sola, mariƙin santimita 9 ya isa ya haɗa kawuna biyu, kuma batir yana iya narkar da ƙarfe ya ƙone hannu cikin ƙiftawar ido. Inbata ma tana riƙe caji na ɗan lokaci bayan an kashe ta. Kayan aikin da aka yi don taɓa wuta daban suke, an lulluɓe su da roba ta musamman an buga musu alamar bolt 1000, kuma naɗa salatif a mariƙi ba ya mayar da racet ɗinka ɗaya daga cikinsu.